Gumel zuwa Maigatari: Wa ke da alhakin gyara gefen titin da ɗalibai ke bi?

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kuma Alhamis ɗin ranar makaranta ce. Tun daga Laraba manyan motoci ke kwararowa ta Gumel suna nufar bakin iyakar Nijar, idan ciniki ya faɗa kuma su juyo maƙare da shanu da tumaki zuwa Kano da kudancin ƙasar nan. A kan wannan kwalta ɗaya yaran firamare ke tafiya da jakunkunansu da safe da kuma lokacin tashi, ga babura, ga amalanke, ga garken da ake korawa a ƙasa.

A ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, gari kan bi titi ne ya miƙe. Makarantar da aka gina a bayan gari shekaru arba'in da suka wuce, yau shaguna da tasha sun kewaye ta. Titin da aka shimfiɗa domin matafiya masu nisa ya zama hanyar unguwa, ba tare da an sake masa fasali ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. Hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.

Yaro ba ya hawa kwalta don ganin dama. Yana hawa ne idan gefen ya ƙi biyuwa, kuma a wannan yanki abin da ya fi hana shi biyuwa shi ne rairayi. Ƙasar arewacin Jigawa jigawa ce kamar sunanta. Iskar hunturu da guguwar farkon damina kan kwaso yashi su jibge shi a bakin titi, ya cike magudanar ruwa, ya binne dakalin da aka yi wa masu tafiya, in ma akwai shi. Tafiya cikin yashi mai zurfi da silifa wahala ce, keke kuwa ba ya motsi a cikinsa sam. Sai kowa ya koma kan kwalta inda ƙafa ke samun tauri. Idan ruwa ya sauka ya tarar da lambatu a toshe, sai ya bi gefen titin, ya zaizaye ƙasar da ke tallafe da kwaltar, bakin ya riƙa gutsurewa. Direban da ke kauce wa wannan gutsuren, wajen yaran yake karkata.

A cikin gari, sau da yawa murfin siminti da aka ɗora a kan magudanar ruwa shi ne kaɗai abin da ya yi kama da hanyar masu tafiya a ƙasa. Ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba, amma a kansa ake faka motar da ta zo sauke kaya. Murfi ɗaya ya karye, ya bar rami da ƙarafa a tsaye, to duk layin ya mutu, domin mai tafiya sai ya sauka titi ya kewaye, kuma da wuya ya sake hawa.

Sai batun da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ƙofar makaranta wuri ne na ciniki: mai awara, mai rake, mai faci, mai shayi, da mai shagon da ya turo teburinsa gaba don kayansa su fito fili. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi, kuma korar su gaba ɗaya ba ta ɗorewa, bayan mako biyu za su dawo. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a ja layi, a bar faɗin kamar mita biyu a buɗe, wanda zai ishi yara biyu su jera wani ya gifta su, tebura su koma bayan layin. Sarkin kasuwa da mai unguwa sun fi kowane jami'i iya tsare irin wannan yarjejeniya, tunda 'ya'yan masu teburan ma ta nan suke bi.

Dalilin da ya sa taku ɗaya zuwa kan kwalta ke da tsada shi ne gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wadda ita ce iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta sa a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Mai tafiyar kilomita 30 tana cin mita 8 da 'yan kai. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafarsa kan birki, daƙiƙar ta wuce, balle tirelar da ke ɗauke da shanu. Wannan ne ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa.

An gwada wannan a Afirka. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta riƙa zaɓar makarantun da yaransu suka fi jin rauni, ta yi musu hanyar ƙafa, da tudun rage gudu, da zanen tsallaka titi, wani wurin ma ta sauya wa makaranta ƙofa daga babban titi zuwa lungu. Binciken da aka yi ya nuna raunukan sun ragu da kashi 26 cikin 100, kuma shirin ya ci kyautar birane ta cibiyar WRI a 2019. Sauya ƙofa, musamman, aiki ne na bulo da siminti kaɗan wanda makarantu da yawa a Gumel ko Maigatari za su iya dubawa.

To wa zai yi? A nan gizo ke saƙar. Idan titin na Gwamnatin Tarayya ne, gyaransa na hukumar FERMA ne; idan na jiha ne, na Ma'aikatar Ayyuka da hukumar JIRMA. Hukumar SUBEB da kuɗin UBEC suna tsayawa ne a katangar makaranta: azuzuwa, kujeru, banɗaki. Jami'an FRSC aikinsu direba da mota. Tsirin ƙasar da ke tsakanin katanga da kwalta ya zama marar uba, kowane ofishi na ganin na maƙwabcinsa ne.

Amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar shi a sake ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa ginawa da kula da tituna, magudanun ruwa da fitilun kan hanya cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa wannan nauyi, duk da tafiyar hawainiyar da aiwatar da shi ke yi. Ko a titin Tarayya, kwashe yashi da yashe lambatu ba sa buƙatar jiran Abuja. Matsalar a ganina ita ce kasafin kuɗinmu ya fi son aikin da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Maye gurbin murfin lambatu goma ba ya tara jama'a, don haka ba ya samun layi a kasafi. Ma'aikatan sashen ayyuka da na tsare-tsare su ne ke da ikon saka wannan layin, da sunan kowace makaranta.

Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, shi ne ya dace ya fara. Mambobinsa su bi hanyar da yaran ke bi na tsawon mita 300 zuwa 500 ta kowane ɓangare, a lokacin tashi ba da hantsi ba, su ƙirga muraben da suka karye, su rubuta inda yashi ya rufe da inda mota ke fakawa, su miƙa takardar ga shugaban ƙaramar hukuma da hakimi. Aikin kansa yana da lokaci biyu a shekara: yashe magudanai a watan Mayu kafin ruwa ya kankama, sai cike zaizaya da tsakuwa ko jar ƙasa a dandaƙe a watan Oktoba. Inda za a dasa darbejiya don inuwa, a ja ta baya, saboda saiwarta na ɗaga siminti.

Kafin a kai ga haka, inda babu hanyar ƙafa, a koya wa yara su riƙa tafiya suna fuskantar motocin da ke tahowa, a layi ɗaya. Makarantun da ke bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari kuwa, su nemi ƙungiyar direbobi da 'yan sintiri su tsayar musu da babban mutum a ƙofa ranakun Laraba da Alhamis, daga ƙarfe bakwai zuwa takwas na safe da kuma lokacin tashi.