Kafin a kira shi Dakta: matsayin mai neman digirin digirgir a jami'a

A unguwar Wuro Patuji da ke Mubi, inda ɗaliban manyan makarantun garin suka saba kama hayar ɗakuna, ba wuya a ji ana kiran wani malami "Dakta" da zarar an san ya fara digirin digirgir. A ƙa'idar jami'a kuwa, wannan laƙabi bai zama nasa ba tukuna, kuma tazarar da ke tsakaninsa da shi kan kai shekaru.

Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a shekarar 2002, tana da makarantar karatun gaba da digiri na farko, haka ma Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Ana shiga ne da digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, sannan sashe ya haɗa ɗalibi da malaman da za su riƙa duba aikinsa. Yakan fara da 'yan darussa da gabatar da maƙaloli a gaban malamai.

Matakin da ke sauya matsayinsa shi ne kare tsarin bincike. A nan zai tsaya gaban malaman sashe ya bayyana tambayar da yake son amsawa, abin da magabata suka rubuta a kanta, giɓin da suka bari, da hanyar da zai bi ya cike shi. Idan an amince aka yi wa taken kundinsa rajista, aikinsa ya tashi daga karɓar ilimi ya koma samar da wanda babu shi a da. A jami'o'in Amurka bambancin ya fi fitowa fili, domin ba a ɗaukar ɗalibi a matsayin cikakken mai neman digirin sai ya ci wata babbar jarrabawa bayan kammala darussa. A Najeriya kalmomin kan cakuɗe a bakin jama'a, amma nauyin da ke biyo baya iri ɗaya ne.

Daga nan babu aji, babu ƙararrawa. A ɗauki misalin mai nazarin cututtukan dabbobi a babbar kasuwar shanu ta Mubi, inda ake shigo da garkuna daga Kamaru da Chadi. Dole ya ɗebi samfur a damina, ya sake ɗiba a rani, wani lokaci shekara biyu a jere, ya adana shi cikin sanyi duk da ɗaukewar wutar lantarki, sannan ya kai shi ɗakin gwaji, wanda kan kasance a wani gari. Damina ɗaya ta kuɓuce masa, shekara guda ta tafi. Shi ya sa shekaru uku da ake yawan ambata a matsayin mafi ƙarancin wa'adi suke zama biyar ko fiye ga mutane da yawa.

Mubi ta ga yadda tsaiko ke faɗa wa karatu. A daren 1 ga Oktoban 2012 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 20 a Wuro Patuji, da yawansu ɗalibai. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin, makarantu suka rufe, malamai da ɗalibai suka watse, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Sai kuma yajin aikin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022, wanda ya tsayar da jami'o'in gwamnati da dama. Ɗalibin digiri na farko yakan dawo ya ɗora daga inda aka tsaya. Mai digirin digirgir yana iya dawowa ya tarar alƙalumansa sun tsufa, ko malamin da ke duba aikinsa ya koma wata jami'a.

Me ya sa ake jure wannan duka? Galibin masu wannan karatu malamai ne a jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi, masu iyali da ɗaliban da suke koyarwa. A tsarin jami'o'in ƙasar nan, da wuya malami ya kai muƙamin babban malami, balle farfesa, ba tare da wannan digiri ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kuma tana duba yawan masu digirin a sashe kafin ta tantance kwasa-kwasansa. Asusun TETFund kan ɗauki nauyin karatun malaman makarantun gwamnati, amma ya dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canjin kuɗi da ƙin dawowar wasu. Hakan ya ƙara wa jami'o'in cikin gida nauyi, alhali ƙwararrun da za su duba kundi ba su wadata ba.

Idan kundi ya kammala, ɗalibi zai fara kare shi a cikin sashe, kuma jami'o'i da yawa suna buƙatar ya wallafa wani ɓangare na sakamakonsa a mujallar ilimi. Daga nan a aika kundin ga wani masani daga wata jami'a, wanda zai karanta shi, ya zo ya yi wa marubucin tambayoyi baki da baki. Ko an ce ya ci, akwai gyare-gyaren da za a ba shi wa'adi ya yi, kuma digirin ba ya tabbata sai majalisar malaman jami'a ta zauna ta amince da sakamakon.