Kofi ko yaro: wanne za a sa gaba?

Kai mai karatu, ka san hilin ƙwallo na garinku. Ko a Kanambakashe, ko a Mayahi, ko a Tasawa, in la'asar ta yi sanyi yara sun cika shi. In an shirya gasa tsakanin ƙauyuka, kowa na son garinsu ya ɗauki kofi. Nan ne ake yin kure.

Mai horar da yara ya kan zaɓi manya masu ƙarfi. Ƙanana su zamna bakin hili suna kallo. Wani lokaci har a rage ma saurayi shekaru don ya shiga wasan yara. Da haka ana cin kofi, amma ƙaramin da ya zamna bai koyi komi ba. In manyan sun tahi ci-rani, ƙungiya ta watse.

Kai manomi ne, ka san ba a cin iri. Wanda ya daka irin geronsa ya ƙoshi yau, amma baɗi ba ya da abin shuka.

Ga misali. A shekarar 2015 an yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Yamai. Mali ta ɗauki kofi. Najeriya ta zo ta 4. Ba a watse ba, an ci gaba da horo. Cikin shekarar nan ƙungiyar ta tahi ƙasar Chile, ta ci kofin duniya. Wani yaro cikinsu, Victor Osimhen, ya sa ƙwallo 10 a raga. A 2023 shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka.

Mu ma yaranmu na Nijar sun je kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 17 a Indiya, a 2017. Sun ci Koriya ta Arewa 1 da 0, sun kai zagaye na biyu. A manyan gasa irin wagga, ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don a gane wanda ya wuce shekaru. Ƙarya ba ta kai mutum nesa.

To, mi za ka yi?

Bari kowane yaro ya shiga wasa, ko na minti 15 ne. Ka haɗa yara tsara da tsara. Ka koya musu tarbe ƙwallo da miƙa ta da ƙafa biyu. In yaro ya ɓata, kada ka zage shi, nuna mishi. Ka yi mishi takardar haihuwa, kuma kada ƙwallo ta raba shi da makaranta.

In yara 11 sun ƙware, ƙungiya ta ƙware. Kofi zai zo daga baya. Sannu ba ta hana zuwa.