Na'urar Gwaji Ta Iso, Bayani Bai Iso Ba

Duk wanda ya bi titin Palladan zuwa Samaru zai ga allunan ɗakunan gwaji jere da shagunan magani. Shekara da shekaru aikinsu bai wuce shafa jini ko kaki a kan gilashi a leƙa ta madubin likita ba. Tarin fuka, alal misali, tun da Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882 ta haka ake nemanta. In ana son tabbaci sai a raini ƙwayar, a jira har mako shida ko takwas.

A Disambar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin GeneXpert. Cikin kimanin awa biyu na'urar kan nuna ko akwai tarin, ta kuma nuna ko ya bijire wa maganin rifamfisin. Nijeriya ta mai da shi gwajin farko a 2016, kuma mu a Zariya ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye kusa da mu. Na'urar dai 'yar gata ce: tana son lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi, kwanson gwajinta kuwa daga waje ake sayo shi. Wanda ya san bazarar Zariya ya san tsadar wannan gata.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wani dattijo maƙwabcina ya dawo daga gwaji, aka ce masa ciwonsa "ya fi ƙarfin magani". Bawan Allah ya koma gida ya fara biyan basussuka yana barin wasiyya. Da na karanta takardar, na kuma tuntuɓi wani likita, sai ta bayyana magani ɗaya takardar ta ambata, kuma akwai wasu da ake bayarwa a madadinsa. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba. Kalmar da ta zo bakinsa ya faɗa, alhali a kunnen Bahaushe wannan jimla sallama ce.

A ganina laifin namu ne, mu masu nazarin harshe. Tsakanin azuzuwanmu na Samaru da asibitin koyarwa na Shika tafiyar 'yan mintoci ce, amma ban taɓa zama da ma'aikacin ɗakin gwaji mun tsayar da yadda za a faɗa wa majiyyaci sakamakonsa ba. Dattijon nan sai da ya yi kwana tara kafin ya yarda ya koma asibiti.