Frankenstein: Tsakanin Maƙeri Da Abin Da Ya Ƙera, Wane Ne Dodo?

Ran 1 ga watan Janairu 1818 wani kamfanin ɗab'i na birnin Landan ya fito da wani littafi mai juzu'i uku, kofe 500 kacal, kuma babu sunan mawallafi a bangonsa. Sunan littafin Frankenstein. Jama'a da yawa suka ɗauka namiji ne ya rubuta shi, har wasu suka jingina shi ga mawaƙin nan Percy Shelley. Ashe matarsa ce, Mary Shelley, wadda a lokacin shekarunta 20 da haihuwa. Yau masana adabi da dama suna lissafa shi a matsayin na farko cikin ƙagaggun labaran kimiyya.

Duk da wannan shahara, akasarin mutane sun san sunan ne a baibai. Da an ce Frankenstein sai a tuna da wani ƙaton dodo mai faffaɗan goshi da ƙusoshi a wuya, irin wanda Boris Karloff ya fito a siffarsa cikin fim ɗin da aka yi a Amurka a 1931. Alhali kuwa a littafin, Frankenstein sunan ɗalibin da ya ƙera ƙaton ne. Shi ƙaton ko suna ba a raɗa masa ba. Wannan rashin suna kuwa shi ne mabuɗin labarin baki ɗaya.

Asalin Labarin

An haifi Mary a Landan cikin 1797, mahaifiyarta, marubuciya Mary Wollstonecraft, ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta. A 1815 ita ma ta haifi bakwaini, ba ta yi wata guda ba ta koma. Watau tun kafin ta kai shekara 18 ta ɗanɗana maraici, ta kuma ɗanɗana rashin ɗa.

A 1816 ita da Percy suka ziyarci mawaƙi Lord Byron a bakin tafkin Janiba, ƙasar Suwizalan. Shekarar ta zo da sanyi da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, saboda tokar dutsen Tambora na Indunusiya, wanda ya yi aman wuta a 1815, ta dusashe hasken rana. Da zaman ɗaka ya ishe su, sai Byron ya kawo shawara kowa ya ƙago labarin fatalwa. Daga nan aka sami Frankenstein.

Ba daga sama Mary ta tsinci maganar raya gawa ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 Luigi Galvani na Italiya ya nuna cewa wutar lantarki tana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta harba. A 1803 kuma ɗan'uwansa Giovanni Aldini ya gwada irin wannan a Landan a kan gawar wani mutum da aka rataye, har naman fuskarsa ya motsa. Don haka mutanen zamanin suna ta tambayar iyakar inda kimiyya za ta kai.

Buri

Victor Frankenstein ɗan manyan mutane ne a Janiba, ya tashi cikin gata. Yana da shekara 17 mahaifiyarsa ta rasu, ya tafi jami'ar Ingolstadt a ƙasar Jamus. Can ya duƙufa kan binciken asirin rai, yana kwaɗayin ya kau da mutuwa, ya kuma samar da sabon jinsi da zai riƙa yi masa godiya. Kusan shekara biyu yana tattaro sassan jiki daga makabarta da mahauta, ya rame, ya daina aika wa iyalinsa wasiƙa.

Akwai wani ɗan abu da mai karatu zai iya tsallakewa, ga shi kuwa da muhimmanci. Victor ya yi ƙaton mai tsawon ƙafa takwas ne don kawai ƙananan gaɓoɓi suna ɓata masa lokaci. Gaggawarsa ce ta jawo girman da daga baya ya zama abin firgita mutane. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa inda wannan taliki zai zauna, ko wa zai koya masa magana ba.

Ƙi

Wani dare cikin watan Nuwamba ƙaton ya buɗe ido. Victor ya dubi fatarsa rawaya da baƙaƙen leɓunansa, sai ƙyama ta kama shi, ya ruga ya bar shi. Hausawa na cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, amma a nan maganar ba ta tabbata ba, gama duniya ma ƙin sa ta yi. Ƙauyen da ya fara shiga, da jifa aka kore shi.

Ya ɓuya a wata rumfa jikin bukkar wasu talakawa, iyalin De Lacey, yana leƙensu ta wata kafa. A haka ya koyi magana da karatu. Da ya lura suna fama da talauci, sai ya daina taɓa abincinsu, ya riƙa yo musu itace da dare yana ajiyewa a ƙofa. Rannan ya yi ƙuru ya shiga wurin tsohon gidan, wanda makaho ne. Tsohon ya saurare shi da kyakkyawar zuciya, domin muryarsa kaɗai yake ji. Shigowar masu ido ke da wuya, sai ɗansa Felix ya rufe shi da duka. Bayan haka ya ceto wata yarinya daga kogi, ladansa harsashin bindiga.

Daga nan zuciyarsa ta ƙeƙashe. Ya shaƙe William, ƙanen Victor, ya ɗora laifin a kan Justine, yarinyar gidan, aka yanke mata hukuncin kisa. Victor ya san gaskiya, amma ya ja bakinsa don kada a ce ya haukace.

Tausayi

A tsakiyar littafin Mary Shelley ta ba ƙaton dama ya faɗi labarinsa da bakinsa, abin da fim ɗin 1931 ya hana shi. Buƙatarsa guda ce: a ƙera masa abokiyar zama, su yi nesa da mutane har abada. Victor ya yarda, ya fara aikin a tsibiran Orkney na arewacin Sikotilan, kana ya ji tsoron kada su hayayyafa, ya yayyaga aikin a kan idon ƙaton. Sakamakon haka ya rasa amininsa Henry Clerval, ya rasa amaryarsa Elizabeth a daren aurensu, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa.

Littafin bai wanke ƙaton ba, gama waɗanda ya kashe ba su yi masa kome ba. Amma ya tilasta wa mai karatu ya tambaya: da an sami mutum guda ya riƙe shi tun farko, da jinin nan ya zuba? Tunanin da Victor ya yi kan illar aikinsa na biyu daidai ne, sai dai ya zo a makare, tun a na farko ya kamata ya yi shi.

Labarin duka ya iso ne ta wasiƙun Robert Walton, shugaban wani jirgin ruwa mai neman isa ƙuryar arewacin duniya, wanda ya tsinci Victor a kan ƙanƙara yana bin sawun ƙaton. Shi ma Walton buri ne ke jan sa. Da ƙanƙara ta tsare jirgin, ma'aikatansa suka nemi a koma, ya haƙura ya juya, ransa bai so ba. Victor ya mutu a jirgin. Wanda ya zo ya tsaya a kan gawarsa yana kuka kuwa shi ne ƙaton, kana ya ɓace cikin duhu da niyyar ƙona kansa.

Fiye da shekara 200 bayan fitowar littafin, har yanzu ana ambaton Frankenstein duk sa'ad da aka yi gardama kan bom ɗin nukiliya, ko sauya ƙwayoyin gado, ko kwamfuta mai kwaikwayon tunanin mutum. Galibi akan taƙaita darasin da cewa zurfafa bincike haɗari ne. Wanda ya karanta littafin da natsuwa zai ga laifin Victor ya fi nauyi ta wani gefen: ya kawo abu duniya, sa'an nan ya ƙi ɗaukar nauyinsa. Wannan kuwa ba sai masanin kimiyya ba. Ya shafi uban da ya haifa ya watsar, da shugaban da ya kunna wutar da ba zai tsaya ya kashe ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Victor ya gwada yarwa, hannun ya bi shi har bangon duniya.