Katin Rangwamen Magani a Amurka: Kuɗin Wa Ake Lissafawa?

A tsarin inshorar lafiya na Amurka, mutum kan biya wani kaso daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfanin inshora ya ɗauki nauyin saura. Ga mai fama da ƙanjamau ko ciwon hanta, waɗanda magungunansu ke da ɗan karen tsada, kason kan kai dubban daloli. Shi ya sa kamfanonin harhaɗa magunguna ke raba katin rangwame: majinyaci ya miƙa shi a kantin magani, kamfanin ya biya masa.

Da can, duk dalar da katin ya biya ana rubuta ta cikin kason majinyaci. Daga baya masu inshora suka sauya lissafi: su karɓi kuɗin katin, su ƙi rubuta shi da sunan mai shi. A ce kason mutum dala 5,000 ne, katin ya biya su tas kafin watan Mayu. Ranar da katin ya ƙare, sai a ce masa har yanzu ana bin sa dala 5,000. An karɓi kuɗi sau biyu ke nan.

Masu inshora suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A cewarsu, katin dabara ce ta riƙe majinyaci a kan magani mai tsada alhali akwai mai araha, kuma dokar tarayya ta hana amfani da shi a shirin Medicare na tsofaffi. Amma ina hujjar take idan maganin ba shi da madadi?

A 2019 jihohin Bajiniya, Bajiniya ta Yamma, Arizona da Ilinoi suka kafa dokokin tilasta lissafa tallafin, wasu jihohi suka bi sahu. A Satumbar 2023 kuma, alƙali John Bates na kotun tarayya a Washinton ya soke ƙa'idar 2021 da ta bai wa masu inshora damar ƙin lissafa tallafin.

Sai dai akwai ɓaraka babba. Manyan ma'aikatu da yawa su ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu da kansu, kuma dokar tarayya ta ERISA ta 1974 ta fitar da irin wannan tsari daga hurumin jihohi. Ma'aikacin da ke zaune a Arizona na iya karanta dokar jiharsa, ya je kantin magani ya tarar ba ta shafe shi ba. Ƙudirin HELP Copays, da aka sha gabatarwa a majalisar tarayya, wannan ɓaraka yake son ɗinkewa.