Tsohuwar Kwamfuta da Direban Katin Intanet

Shekara da shekaru kwamfutocin gwanjo sun yi ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro Malanbil, su ƙetare gadar Kogin Kwara zuwa Gaya, sannan su bazu cikin jihar Dosso. Idan ɗaya ta kai gari irin Zabori aka goge ta aka sake zuba mata Windows XP ko Windows 7, sau da yawa komai zai tashi lafiya ban da intanet. Nan take a ce katin intanet ya ƙone. Yawanci lafiyarsa lau, direba ne babu, wato ɗan tsarin da ke yi wa kwamfuta tafinta tsakaninta da katin. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin an ɗaure na'ura a bayan babur an nufi Gaya saboda aikin da bai wuce rabin awa ba.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc. Wannan umarni yana aiki ko kwamfutar da Faransanci take. Jerin kayan cikinta zai bayyana, za ka ga alama ruwan ɗorawa a gefen katin. In ba ka ga katin ba sam, duba cikin BIOS, wataƙila an kashe shi a can.

Yanzu ga inda ake buƙatar natsuwa. Kada ka nemi direba da sunan da ke jikin akwatin, domin Dell ko HP ba su suka ƙera katin ba, saye suka yi suka ɗora. Katin yana da lambarsa. Danna shi sau biyu, ka shiga shafin cikakken bayani, za ka ga layi kamar haka: VEN_10EC&DEV_8168. Lambar farko ta kamfani ce: 10EC Realtek, 8086 Intel, 14E4 Broadcom. Ta biyu ita ce samfurin katin. Kwafe su a takarda da biro, harafi bayan harafi, don kuskure ɗaya zai kai ka ga direban wani kati.

Tunda kwamfutar ba ta shiga intanet, wayarka ce za ta yi aiken. Nemi wannan lamba, ka sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ka tabbatar na Windows ɗinka ne, kuma ka san ko mai bit 32 ne ko 64. XP kusan kullum 32 ne. Guji shafukan da ke cewa za su nemo maka direba da kansu. Ƙwayar cuta ta yi yawa a cikinsu, ga shi Microsoft ta daina kare XP tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun Janairun 2020.

Tura fayil ɗin ta wayar caji ko filash, ka warware shi. Koma kan katin, zaɓi sabunta direba, ka ce kai za ka nuna wurin, ka kai shi jakar da ke da fayil mai ƙarewa da .inf. Kashe kwamfutar ka kunna.

Cusa igiyar intanet, ka leƙa baya: ƙaramar fitila koriya za ta riƙa ƙyaftawa a bakin ramin. Idan ba ta kama ba, hure ƙurar hunturu da ta cushe ramin. Buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Adireshi mai farawa da 192.168 alama ce an gaisa da rauta, wato na'urar da ke raba intanet. Mai farawa da 169.254 kuwa yana nufin direba ya zauna amma rautar ba ta amsa ba, sai a bincika igiya.

Wani lokaci duk wannan ya yi daidai, shafuka su ƙi buɗewa. Dubi agogon da ke ƙasan allo. Idan shekarar ta koma baya, batirin cikin kwamfutar mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Canza shi ka gyara kwanan wata, domin shafuka masu tsaro ba sa yarda da agogon da ya ɓata.