Kafin ka sayi babur, yi shawara

Manoma da makiyaya, babura iri-iri ne a Gaya. Samari sun fi son mai gudu. To, a duba lambar inji tukuna.

Mai lamba 100, kamar Bajaj Boxer, ba ya shan mai da yawa. Yana kai buhun shinkafa kasuwa, kuma kanikawa sun san gyaransa.

Mai 150 ko 200 ya fi gudu bisa kwaltar Doso. Amma ya fi tsada, ya fi shan mai, ga nauyi cikin yashi.

Kafin ka miƙa kuɗin rakenka ko na bijiminka, gwada birki, karɓi takardun duwan, sayi hular kwano. Iyali na jiranka gida. Sannu ba ta hana zuwa.